Ƙungiyoyin unguwa sun yi yawa: a yi musu inuwa ɗaya ko kowa ya ci gaba da nasa?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna kafin damina ta kankama. A mazaɓarmu kaɗai akwai ƙungiyar matasa masu yashe kwata, akwai ta mata masu kula da marayu, akwai kwamitin maƙabarta, ga 'yan agajin masallatai, ga 'yan sintiri, ga tsofaffin ɗaliban firamare, ga masu ba da jini da nasu zauren daban. Kowacce da shugabanta da ma'ajinta da hatiminta, amma babu wadda ta san abin da 'yar'uwarta take ciki. A azumin da ya wuce layi ɗaya ya samu shinkafa daga ƙungiyoyi uku, layin bayan makaranta kuwa ko gasarar kunu bai gani ba. Shawarata a yi uwar ƙungiya ɗaya, a yi mata rajista, a buɗe asusu ɗaya, duk mai son taimakawa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Me kuka gani?

Gaskiya Ɗaci: Wa'alaikumus salam. Wa zai riƙe kuɗin? Fara amsa mana wannan tukuna.

Abban Sadiq: Sai a zaɓi ma'aji mana, a sa mutum uku su riƙa sa hannu kafin a cire ko sisi.

Gaskiya Ɗaci: Mutum ukun ai a majalisa ɗaya suke shan shayi. Ba zargin kowa nake yi ba, amma abin da ya sa ƙananan ƙungiyoyin nan suka daɗe shi ne kuɗinsu bai kai a yi faɗa a kansa ba. Kwamitin maƙabarta tun muna yara yake aiki da ɗan abin da ake tarawa bayan sallar Juma'a, ba a taɓa jin kansu ba. Ranar da ka tara miliyoyi a asusu guda, ranar ce wani ɗan takara zai tuna shi ma ɗan unguwa ne, kuma ƙanensa ya dace da kujerar shugaba. Ga zaɓen 2027 nan tafe.

Maman Ilham: Abban Sadiq, maganar shinkafa gaskiya ka faɗa, amma ka tambayi dalili. Ku maza a ƙofar masallaci kuke rabo, wanda ya zo sahu shi ke samu. Matar da ke takaba ba za ta fito ta bi layi ba. Tsohuwar da ƙafa ta kwantar ba za ta zo ba. Wadda mijinta ya tafi ci-rani tun bara ba aike, ita kunya ma ba za ta bar ta ta faɗa ba. Mu da ke shiga cikin gidaje mu muka san inda ba a ɗora tukunya. Babu wanda ya kira mu ya ce Hajiya, wa kuka riga kuka bai wa? Da an tambaya da mun faɗa, kuma ba ma buƙatar takardar rajista daga Abuja kafin mu faɗa.

Uwar ƙungiya kuwa na san yadda za ta kasance. Kujeru goma sha biyu, sha ɗaya na maza, ta ƙarshe a ce "shugabar mata", ranar taro a ce ta zo da zoɓo.

Gaskiya Ɗaci: Hajiya kin gama magana wallahi.

Ɗan Gwange: Salam 'yan'uwa. Ni ba ɗan unguwarku ba ne, surukuta ce ta jefo ni cikin zauren nan, amma bari in faɗi abin da muka gani a Maiduguri, ko zai yi amfani.

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Kafin a farga ruwa ya cinye Fori da Gwange, ya kai Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa. Dattawa suka ce tun na 1994 ba a ga irinsa ba. Gari ya rabu biyu, ba ka tsallakawa sai a babbar motar soja ko a kwalekwale. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi, makarantu ma suka cika da mutane.

A kwanakin farko, abin da ya riƙe jama'a da yawa shi ne girkin unguwa. Mata suka fito da tukwanen biki, aka kafa murhu a ƙofar gida, wannan ya kawo itace, wancan ya kawo mudun shinkafa da manja, masu Keke Napep suka riƙa jigilar kuloli kyauta. Ba wanda ya tsaya tambayar takardar rajista. Inda muka sha wuya shi ne rashin sanin juna. Makarantar da ke bakin titi sai abinci ya yi mata yawa har ya yi tsami, saboda nan mota ke iya tsayawa, nan kuma ake ɗaukar hoto. Wadda ke can cikin lungu sai magariba ta yi yara ba su sa komai a baki ba. Mai kwalekwale yana nan yana jira, masu neman ceto suna can kan rufin kwano, babu mai lambar wani.

A ɓangarenmu abin ya fara daidaita ne da shugabannin 'yan ƙungiyoyi suka haɗu a zaure ɗaya na WhatsApp. Da asuba kowa ya rubuta: yau ina da kula kaza, zan kai wuri kaza. Wanda ya ga an riga shi sai ya karkata wani wurin. Kowa da kuɗinsa a hannunsa, kowa da sunan ƙungiyarsa a jikin rigarsa. Asusu ɗaya bai taɓa zama matsalarmu ba. Lambar waya muka rasa, da wanda zai ɗauka in an kira shi ƙarfe biyun dare.

Abban Sadiq: Allah ya kiyaye gaba, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ɗan'uwa wannan lokacin bala'i ne, kowa zuciyarsa ta karye. Ni ina maganar ranakun da babu ruwa babu wuta. Kuma manyan masu ba da tallafi ba sa sa kuɗi a asusun mutum, sai ƙungiya mai takardu. Muna ji muna gani wasu unguwanni na samun rijiyar burtsatse, mu muna nan da baro da shebur.

Lauyan Unguwa: Bari in sa baki a kan takardun, don mutane na ɗauka hatimi da kan wasiƙa sun wadatar. Rajistar da ake nufi ita ce ta amintattu a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Sai kun fitar da amintattu, kun rubuta kundin tsarin ƙungiya, kun buga sanarwa a jaridu biyu, an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan nan banki zai nemi takardar SCUML, sashen EFCC da ke sa ido kan halatta kuɗin haram, kafin asusun ya yi aiki yadda ya kamata. Sannan duk shekara sai kun kai rahoto. Wannan na ƙarshen shi ke kashe ƙungiyoyi. Ana yin rajista da murna, a yi walima, shekara biyu babu mai tuna rahoton, sai tara ta taru.

Ra'ayina: in akwai ɗaya daga cikinku da ta riga ta yi rajista kuma littafin kuɗinta a tsabtace yake, ita ta shige gaba duk lokacin da za a nemi tallafi, sauran su sa hannu a yarjejeniya ta shafi ɗaya a kan wannan aikin kaɗai. An gama rijiya, yarjejeniya ta ƙare. Babu dalilin haifar sabuwar ƙungiya da za ta zo da nata rikicin shugabanci.

Batun masu tallafi na waje kuma, a rage dogaro. Tun Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin hukumarta ta ba da tallafi, USAID, ƙungiyoyi nawa ne suka sallami ma'aikata a Arewa? Waɗanda suka fi jin jiki su ne waɗanda ba su da wata hanyar shiga sai wannan.

Baba Mai Ritaya: Barista ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu da muka taso a ƙauye, in mutum ya kwanta ciwo da damina, gayya ake kira. Samari su fito da fartanya, mai kalangu ya biyo su, matan gida su dama fura, kafin azahar an gama noman gonarsa. Ba miniti, ba ma'aji. Abin da ya lalata mana yara shi ne alawus. Tun da aka fara kiran mutane bita a otal ana ba su kuɗin mota da kuɗin zama, sai ya zama in ka ce a fito aikin unguwa, tambayar farko ita ce "akwai wani abu?" Ku yi uwar ƙungiya ko kada ku yi, in ba a gyara wannan ba aikin banza ne.

'Yar Sa-kai: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mana adalci. Gonar da kuke nomewa a bayan gari take, da ƙafa kuke zuwa, kuma ga fura. Ni in zan raka mara lafiya asibiti sai na hau Adaidaita biyu zuwa, biyu dawowa, kuma kun san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ga katin waya, ga data. Ɗaliba ce ni, kuɗin karin kumallona nake sawa. Ba albashi muke nema ba. Amma wanda ya ba da yininsa bai kamata ya haɗa da aljihunsa ba. Waɗanda suka daina fitowa a cikinmu ba kwaɗayi ne ya kore su ba, gajiya suka yi.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, furar ma ai ita ce kuɗin motar wancan zamanin, ban musa ba. A biya wa yaro abin da ya kashe, wannan haƙƙi ne. Abin da nake ƙi shi ne ambulan.

Gaskiya Ɗaci: Baba, tsakanin kuɗin mota da ambulan ai siririn zare ne. Wa zai tsaya a kansa?

Ɗan Damagaram: Ina gaida mutanen Kano. Mu nan Nijar mun taɓa ganin abin da kuke son yi, amma daga sama aka yi shi. Samariya tsohuwar al'ada ce, kowane gari da sarkin samarinsa. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 sai ya ɗauke ta ya mai da ita ta ƙasa baki ɗaya, tun daga unguwa har Yamai. An yi aiki, ba ƙarya: an gina azuzuwa, an shuka itatuwa, an share garuruwa. Amma da yake gwamnati ce ta riƙe igiyar, sai ta zama wurin tarbar manya da tafi. Da aka shiga zamanin jam'iyyu da yawa bayan babban taron ƙasa na 1991, sai ta bi mulkin da ya ɗauke ta. Tsofaffinmu har yau suna kewarta, amma abin da ya rage da rai shi ne ƙananan na unguwa da ba wanda ya damu ya mallake su: asusun mata, fadar samari, 'yan agajin masallaci. Ku kula da wanda zai zo ya ce zai zama uban ƙungiya.

Abban Sadiq: To na ji. Kowa ya taru a kaina. Amma har yanzu ba wanda ya ce min yadda za a hana abin da ya faru da azumi sake faruwa.

Anti Nas: Ni zan faɗa maka yadda muke yi a zauren jini, ka ɗauki abin da ya yi maka. Ba mu da asusu ko kaɗan. Littafi ɗaya muke da shi: suna, rukunin jini, layin da mutum yake, da ranar da ya ba da jini na ƙarshe. Wannan ranar ita ce komai, don namiji sai ya yi wata uku kafin ya sake bayarwa, mace wata huɗu. Kafin mu fara rubutawa, mutum biyu masu O negetif da kowa ya sani su ake ta kira, har ɗaya ya canja layin waya. Yanzu in an kira ni cewa mai haihuwa tana zubar da jini, ko yaro mai sikila jininsa ya yi ƙasa, ba na watsa saƙo ga kowa. Ina buɗe littafi in ga wa ya isa bayarwa, wa ya fi kusa, in kira mutum uku kawai.

Abin da ya rage mana shi ne mota da dare. 'Yan sintiri suna farke har asuba kuma suna da babura, amma ba mu taɓa zama da su ba. Ka ga wannan ba rajista yake buƙata ba.

Kwamandan Agaji: Anti, daga yau ki sa lambata a littafin. Yaranmu ma da yawa za su ba da jini in an yi musu bayani.

Ina so in ƙara wani abu da ba a ambata ba. Duk wanda zai yi rabo, don Allah ya sanar da mu tun kafin ranar, ba sai taro ya ɓaci ba. Kun tuna Bauchi a watan Maris na 2024, wajen rabon zakka mata suka rasu a turmutsitsi. A Disambar shekarar a Ibadan yara 35 suka mutu, kwana kaɗan bayan nan aka sake yi a Okija da Abuja. Duk masu niyyar alheri ne. Mu an koya mana tsaida layi, raba ƙofar shiga da ta fita, ware tsofaffi da masu goyo. 'Yan agajin Izala, na Jama'atu, na Fityanu, na Red Cross, duk aikin da muka iya ke nan, kuma in an zo filin Idi ko jana'iza ba ma tambayar juna aƙida. Amma mafi alheri shi ne kada a tara mutane sam. A bai wa su Maman Ilham kati su kai gida-gida.

Maman Dauda: Gaisuwa gare ku duka. Mu a zumuntar mata ta cocinmu muna da gwauraye da marayu da muke dubawa, wasunsu a layukanku suke haya. Ruwa in ya tashi ba ya tambayar wa ke zuwa coci wa ke zuwa masallaci, kwata ɗaya ce ta ratsa ƙofofinmu. In zama ne na shugabanni don a san juna, a kira mu, za mu zo. In asusu ɗaya ne, gaskiya dattawanmu ba za su yarda ba, kuma na san naku ma haka.

Abban Sadiq: Madalla Mama. To ga abin da na fahimta. A bar maganar rajista da asusu a yanzu. Kowace ƙungiya ta ba da mutum biyu, a yi zaure ɗaya na wakilai, a zauna sau ɗaya a wata a firamare. A haɗa jerin abin da kowa ke da shi: wa ke da baro, wa ke da tukwane, wa ke da lasifika, wa ke da babur. Sannan a haɗa sunayen duk mabuƙata a takarda ɗaya, kowa ya gani, don kada a maimaita.

Maman Ilham: A'a. Na yarda da komai ban da na ƙarshen. Sunayen nan amana ce. Akwai matar da in mijinta ya ji sunan gidansa na yawo a waya cikin jerin mabuƙata, aurenta ne zai girgiza. Akwai malamin makarantar da muke kai wa hatsi bayan isha'i don kada ɗalibansa su gani. Takarda in ta shiga zaure mai mutum ashirin, gobe tana wayar mai shayi. Ban da masu ɗaukar hoton marayu riƙe da leda suna sawa a Facebook, wannan ma sai mun yi maganarsa.

Abban Sadiq: To Hajiya ta yaya za mu san ba a maimaita ba in ba mu ga suna ba?

Maman Ilham: Ku raba layuka, ba gidaje ba. Ku ce wannan watan matasa sun ɗauki layin makaranta, mu mun ɗauki na bayan kasuwa. In kuna da kaya ba ku san gidan da za ku kai ba, ku ce min kuna da ƙunshi goma, ni in kai, in dawo muku da adadi.

Gaskiya Ɗaci: Mun dawo inda muka fara ke nan. Hajiya, ke mun yarda da ke. Wadda za ta gaje ki fa? Adadi ba suna, wa zai tabbatar ƙunshi goman sun isa gida goma?

Lauyan Unguwa: Ana iya sa mutum biyu kacal su ga sunayen, ita da wani dattijo da kowa ya aminta da shi, liman ko mai unguwa. Sauran su ga lamba.

Maman Ilham: Liman na yarda. Mai unguwa sai na yi shawara da matan, don gidansa ba ya rabo da baƙi.

'Yar Sa-kai: Kafin a watse, a tuna akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke aiki da asibitin sha-ka-tafi, da kwamitin SBMC mai kula da firamare. Su ma 'yan sa-kai ne, kuma su ke da hanyar shiga ƙaramar hukuma. A gayyace su, kada mu yi zaure su ji a gari.

Baba Mai Ritaya: Ni dai a fara da aiki kafin taro. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsabtar muhalli ce, ba zirga-zirga da safe, kowa yana gida. A fito babbar kwata gaba ɗaya, a ga wa zai zo. Wanda ya shiga kwata da kai ka san shi fiye da wanda kuka zauna a benci.

Abban Sadiq: Na amince Baba. Amma a tanadi motar kwasa tun yanzu. Bara mun yashe tun daga gada har bakin titi, muka tara baƙin taɓo da ledojin ruwa a gefe, wani mai neman kujera ya yi alkawarin tifa, ba ta zo ba, ruwan farko ya mai da komai ciki. Muna da baro huɗu da shebur, manjagara biyu ce kawai, safar hannu da takalman roba babu ko ɗaya, kuma akwai fasassun kwalabe a ciki.

Kwamandan Agaji: Akwatin taimakon gaggawa a kanmu. Tsofaffin ɗalibai akwai mai tifar yashi a cikinsu, wa ke da lambarsa?

Maman Dauda: Matasanmu za su zo da manjagara. Ƙarfe nawa?

Abban Sadiq: Bakwai, a bakin gada. Maganar wanda zai ga sunaye mu bar ta sai zaman firamare, Hajiya ta zo mana da amsar matan.

Gaskiya Ɗaci: Man tifar wa zai saya?